Yaron da Ya Yi Tambaya a Abuja

Abin da ya fara ɗaukar idona da na shigo layinmu ranar da Kawu ya rasu shi ne wani ƙaton mutum cikin farar shadda, ya tsuguna a gindin mangwaron ƙofar gida, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Maza suna shimfiɗa tabarmi suna kewaye shi. Sai da ya ɗago na gane shi. Shugaban ajinmu ne na kwaleji, wanda muke kira Gwamna. Yanzu ya yi teɓa, yana da shagon kwamfutoci a cikin gari.

Ya ce, “'Yar Kawu, da gaske ne?”

Na ce, “Da gaske ne, Gwamna. Mai shi ya karɓi abinsa bayan sallar Asuba.”

Ya share ido da bayan hannu. “Mutumin nan shi ya hana ni aikin Abuja, kin sani. Na yi watanni ba na gaishe shi. To ki gaya mini, me ya sa nake kuka kamar uban da ya haife ni ne ya mutu?”

Na wuce ciki. Tsakar gida ta cika. Ga matan unguwa, ga tsofaffin ɗalibansa mata, wasu da hijabi, wasu da ɗankwalin coci, ana ta gaisuwa da Hausa da Alago da Eggon. Wata malama tana ba da labarin yadda ya taɓa korar ta daga aji saboda tana cin gyaɗa a kan kwamfuta, sannan bayan an tashi ya zauna ya cinye gyaɗar yana koya mata abin da ta rasa. Wani maƙwabci ya leƙo daga soro yana cewa shi dai bai taɓa ganin mutum mai taurin kai irin Malam ba, Allah ya jiƙan sa. Mama, wadda ita ce autarsu Kawu, tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, ba ta kuka, sai juya carbi. Da na durƙusa gabanta ta ce, “Kin ga Yaya ya tafi bai ba ni haƙuri ba.” Sai ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

Matar Kawu, wadda muke kira Anti, ita ta fi ba ni tausayi. Ta riƙe hannuna ta ce, “Yanzu in baƙo ya zo, wa zai tambaye ni?”

Matan da ke kusa ba su gane ba, sun ɗauka zafin rashi ne. Ni na gane. Saboda wannan magana tata da tambayar Gwamna na zauna rubuta wannan. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma na san bayan sadakar arba'in kowa zai koma kasuwarsa. Ba na son a manta da Kawu da wuri haka.

Kakanmu bafatake ne daga arewa, ya zo Lafia da tufafi, ya ga doya da ruwan sama ya ƙi komawa. Kawu bai gaji kasuwa ba. Ya fara aiki yana buga tafireta a ofishin gwamnati, ya koyi kwamfuta da furfura ta fara fito masa, har ya zama malami a sashen kwamfuta na kwalejinmu. Bai taɓa daina dukan madannai da ƙarfin tafireta ba. Daga bakin baranda za ka san yana ofis. A gida yana kirana Uwata, domin sunan mahaifiyarsu aka sa mini. A aji kuwa ko kallon inda nake ba ya yi.

Anti Alago ce. Hausarta irin tamu ce ta Lafia, wadda mutane da yawa ba su damu da raba “ya” da “ta” ba. A bakinta kowa “ya zo” ne, kowane ɗa “yaro” ne, ko da kuwa ya yi kitso. An ce suna sabon aure, wata rana da zafi, ta leƙa ta ce masa, “Baƙonka ya zo, yana falo.” Ya ɗauka abokinsa ne, ya fito daga shi sai singileti da gajeren wando yana waƙa, ya tarar da surukarsa zaune da ƙullin kayanta. Tun daga ranar, duk saƙon da aka kawo masa, sai ya ɗaga yatsa ya ce, “Tsaya. Namiji ko mace?” Ya yi wa Anti, ya yi wa masinja, ya yi wa 'yan aji. Har muka mai da abin wasa. In wani ya ce akuya ta shiga aji, sai a amsa daga baya, “Namiji ko mace?” Bai taɓa gyara wa kowa Hausa ba. Yakan ce ba kuskure ba ne, haka garin yake magana, aikin mai sauraro ne ya tambaya.

A shekararmu ta biyu, dab da gama difloma, kowa hankalinsa yana kan aiti, wato shekarar da ɗalibi zai yi yana aiki a wata ma'aikata kafin a karɓe shi babbar difloma. Wanda bai samu wuri ba, karatunsa ya tsaya nan. Kawu ne ya ƙirƙiro al'adar ɗaukar 'yan ajin ƙarshe zuwa Abuja su ga ma'aikatu, kuma kowace shekara sai ya yi faɗa da hukumar makaranta kafin a ba shi mota.

Ni a lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya da nake haya a kasuwa. A cikinsu duk yarinyar da ta shiga babban ofis, takardunta sukan zube, wani mai sanyin murya ya sunkuya ya tattara mata. Na kwana ina guga. Na zaɓi gyale ruwan hoda, na aro turaren Mama ba ta sani ba. A raina ba ma'aikata zan je gani ba, ƙaddarata zan je tarba.

Mun tashi ranar Alhamis bayan Asuba. Direban makaranta wani dattijo ne Eggon, muna ce masa Baba Direba. Kafin ya tada mota, Kawu ya tsaya a bakin ƙofa da butarsa a hannu ya ce, “Ku saurara. Yau ba roƙon aiki za mu je ba. Za mu je ku ga inda za ku tsufa. Kada ku tsaya kallon fanka da kujeru. Ku dubi fuskar wanda ya daɗe a wurin, ku tambayi kanku ko kuna son irinta.”

A kujerar ƙarshe, jikin taga, akwai wata yarinya mai gyale ruwan toka. Daga wani ƙauye take kusa da Awe, mahaifiyarta tana dafa gishiri, shi ya sa muke ce mata 'yar Awe. Ba ta da surutu. Mun zauna benci ɗaya shekara biyu, don haka na san abin da sauran ba su sani ba. Mahaifinta ya yarda ta yi difloma ne bisa sharaɗi: in ta gama ba ta samu wurin aiti ba, ta dawo gida ta kama wa uwarta aikin gishiri, maganar boko ta ƙare. Ta riga ta zaga ofisoshin Lafia, ko'ina ana tambayarta wa ya aiko ta. Ba ta da wanda zai aiko ta.

Mun fara da wata ma'aikatar gwamnati. Aka ajiye mu a kan benci, aka ce darakta yana mitin. Da muka gaji da jira, wata ma'aikaciya mai kirki ta zaga da mu, ta nuna mana ɗakin kwamfutoci, ta gaya mana gaskiya cewa an dakatar da ɗaukar ma'aikata sai yadda hali ya yi. A wani lungu Kawu ya ci karo da tsohon abokinsa na zamanin tafireta. Suka rungume juna.

Mutumin ya ce, “Kai har yanzu kana yawo da 'ya'yan mutane a rana?”

Kawu ya ce, “Kai kuma har yanzu kujerar nan ba ta gaji da kai ba?”

“Ita ta aurar mini da 'ya'ya huɗu, ka kiyaye ta.”

Da muka fito wasu samari suka fara yi wa wurin dariya. Kawu ya juyo ya ce, “Aikin gwamnati ne ya ciyar da ni har na koya muku abin da kuke taƙama da shi. Ban kawo ku ku raina kowa ba. Na ce ku duba.” Gwamna ya yi jawabin godiya da Turanci mai nauyi, har ma'aikaciyar ta tafa masa.

Bayan Azahar muka je kamfanin fasaha. Bene ne mai gilashi, sanyi kamar cikin randa, matasa zaune kowa da abin ji a kunne. Suna yin manhajar waya da 'yan kasuwa da manoma ke ajiya da karɓar ciniki da ita. Wanda ya yi mana bayani wani saurayi ne dogo, mai farar riga da tabarau, in zai yi murmushi sai ya fara sunkuyar da kai. Na kafe shi da ido. Ban ji rabin abin da ya faɗa ba. Na riga na yanke cewa shi ne mai kamfanin, maraya ne, ya sha wahala kafin ya kai nan, kuma bai taɓa samun wadda ta fahimce shi ba. Da aka ce a yi tambaya, Gwamna ya miƙe sau uku, ya tambayi makomar fasaha a Afirka da abubuwa masu kama da haka. Ni ma na ɗaga hannu don saurayin ya dube ni, na tambayi sunan furen da ke bakin ƙofa. Ya ce na roba ne.

Muna fita, na waiga na ga 'yar Awe ta tsaya a baya wajen tulun ruwan sanyi, tana magana da wata mata mai atamfa da takalmin ƙwallo, wadda na ɗauka ma'aikaciya ce kawai. Na koma in jawo ta, sai na ji tana cewa a hankali, “A garinmu mata biyar ne suke da waya ɗaya, kuma kowa da gishirinta. In sun saka wannan abin, ajiyar ta wace ce a cikinsu?” Matar ta ajiye kofinta, ta ce, “Sake faɗa mini.” Ni dai na ja hannunta, don na ga saurayin ya nufi matakala.

A ƙasa Kawu ya tafi masallaci yin La'asar, mu kuma muka watse sayen tsire da yogot. 'Yar Awe ta koma mota ta zauna a kujerarta.

Mun wuce Keffi, rana ta yi ja, ana ta waƙe-waƙe, sai Baba Direba ya buga sitiyari ya ce da ƙarfi, “Kai, Malam, na manta! Oga na kamfani ya ba ni saƙo. Ya ce yaron nan da ya yi tambaya ya dawo Litinin, ya ba shi wuri na aiti.”

Motar ta kaure. “Gwamna! Gwamna!” Aka ɗaga shi, aka buga masa baya, wani ya cire masa hula ya jefa sama. Kafin a ce me, ya kira mahaifinsa a waya yana ihu, “Alhaji, an ɗauke ni! Abuja!” Ina kallon Kawu daga inda nake. Na ga ya ɗaga yatsan nan nasa, bakinsa ya buɗe. Sai ya waiga ya ga yaron tsaye da waya a kunne, idonsa yana ƙyalli. Ya sauke yatsan, ya juya ya ci gaba da kallon hanya.

A Akwanga muka tsaya sallar Magariba. Kawu ya ce, “Uwata, cika mini buta.” Da na kawo, na same shi a bayan mota shi da Baba Direba.

Kawu ya ce, “Baba, Ogan nan da ya ba ka saƙo, namiji ko mace?”

“Mace mana. Wanda ya sa atamfa. Yana fita da mota, ya sauke gilashi ya kira ni. Maigadi ya ce shi ne mai wurin duka.”

“To yaron fa? Namiji ko mace?”

“Mace ne.”

Butar ta kusa suɓuce mini. A cikin ƙiftawar ido na ga komai: saurayin ya roƙi shugabarsa, ya ce mata akwai wata mai son furanni. Har na fara tunanin abin da zan sa ranar Litinin.

Baba Direba ya ci gaba, “Ya nuna mini shi da yatsa ta taga. Yaron nan mai gyale ruwan toka, wanda ya zauna baya, ba ya magana.”

Kawu ya ce, “To me ya sa da suka ɗaga wancan ba ka ce komai ba?”

“Malam, ina tuƙi. Na ji suna Gwamna, Gwamna, na ce ko sunan yaron ke nan.”

Kawu ya karɓi butar, ya dube ni, ya dubi gyalena. Ina jin ya karanta duk littafin da na rubuta a raina, amma bai yi dariya ba. Ya ce, “Uwata, abin da kika ji ya tsaya nan sai na yi waya gobe.” Muka ƙarasa Lafia ana yi wa Gwamna waƙa, 'yar Awe ma tana tafa masa.

Da safe ya kira kamfanin, matar ta tabbatar masa. Ba ta san sunan yarinyar ba, ta ce dai mai maganar mata biyar da waya ɗaya. Wuri ɗaya ne, kuma ita take so.

Ni ce na gaya wa Mama, ina kuka, don a lokacin gani nake duniya ta yi mini rashin adalci. Mama ta yafa mayafi ta ja ni sai gidan Kawu. Ta same shi yana karin kumallo.

“Yaya, ashe mace aka ce?”

“Mace aka ce, Auta.”

“To ita wannan da ke tsaye namiji ce? Uwarka ce fa, sunanta ke kanta. Ita ma an ce ta yi tambaya.”

“Ta yi. Ta tambayi fure.”

“Tambaya dai tambaya ce! Matar nan fuska nawa ta gani jiya? Ko suna ba ta sani ba. Wa zai ce ba ita ba ce?”

“An ce mai gyale ruwan toka.”

“Gyale ai aronsa ake yi, Yaya.”

Anti ta fashe da dariya daga madafa, ta yi sauri ta mai da ita tari. Kawu ya ture kwanon kunu. Ya ce, “Auta, wannan tana da ni, tana da ke, tana da ubanta. Ko ba Abuja za ta samu wuri. Waccan in ta koma Awe, ta koma ke nan. Kuma ko da ba haka ba, ba ita aka kira ba. In kai ta da gyalen wata, in ce mata me a hanya?”

Mama ta ce, “Tun muna yara haka kake. Na waje ka sani.” Ta fita ba sallama. Daga ranar har bayan babbar Sallah ba ta taka gidansa ba. In ya zo namu, sai ta aiko masa da ruwa ta ce tana barci. Shi kuma ya zauna ya shanye ruwan, ya ɗaga murya ya ce, “A gaida mai barci.” Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta ce ta yafe ba. Wata rana dai aka ga ta aika masa da dambun nama, shi ke nan.

A wannan Juma'ar, kafin sallah, mahaifin Gwamna, babban ɗan kasuwa kuma abokin Kawu, ya aiko da turmin shadda na godiya. Bayan an sauko daga masallaci Kawu ya saɓa shaddar a hammata ya tafi shagonsa da kansa. Ban je ba, Gwamna ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce Kawu ya sa an kira shi, ya faɗi maganar a gaban su biyu kawai. Alhajin ya ce, “Malam, duk layin nan na gaya musu. Ka taimaka ka rufa mana asiri, yarinyar a nema mata wani.” Kawu ya ce, “Da zan iya raba wurin biyu da na raba. Amma yaronka yana da baki, Alhaji, duk inda aka ajiye shi zai yi magana a ji. Ita sau ɗaya ta yi magana a shekara biyu, kuma aka ji ta. Ba zan ce ba a ji ba.” Ya ajiye shaddar ya fito. Bai taɓa faɗa wa 'yan aji yadda aka yi ba, ya bar Gwamna ya faɗa da bakinsa a lokacin da ya ga dama. Sannan ya yi ta sintiri a ofisoshin jiha da tsohon babur ɗinsa har ya sama masa wuri a ɗakin kwamfuta na wata ma'aikata a nan Lafia. Gwamna yana fushi yana zuwa aikin. A nan ya koyi gyara, a nan ya san mutanen da suka zama abokan cinikinsa.

Ranar Asabar Kawu ya aiko a kira ni. Ya ce za shi Awe neman izinin mahaifin yarinyar, kuma bai dace ya yi tafiya da 'yar mutane shi kaɗai ba. Na so in ƙi. Ya ce, “Uwata, ke ce kika ji tambayar da kunnenki. Ina son shaida.” A tasha na ga 'yar Awe tsaye da 'yar jakarta, idonta ya kumbura. Ta kama hannuna ta ce, “Wai da gaske ni ce? Ko Malam ya ji ba daidai ba?” A nan fushina ya tafi. Na ce, “Ke ce. Ya tambaya sau biyu.”

Mun sami mahaifiyarta a wurin dafa gishiri, ita da abokan aikinta, hayaƙi ya rine musu ido, farin gishiri ya bushe a damatsansu. Mahaifin ya shimfiɗa wa Kawu tabarma a inuwa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Malam, na ce in ta samu wuri ta ci gaba, ban ƙi ba. Amma ni Lafia nake nufi. Abuja wa na sani? A ina za ta kwana? In ta yi ciwo wa zai gaya mini?”

Kawu ya ce, “Ƙanwar matata tana Mararraba da mijinta, na riga na yi magana da su. A ɗakin 'ya'yansu za ta kwana. In ta yi ciwo ni zan gaya maka, da ƙafata.”

“In ta lalace fa?”

“Ka zo ka kama ni. Gidana ba ya tafiya.”

Dattijon ya shiga tona ƙasa da tsinke. Sai uwar ta matso, tana goge hannu a zani, ta ce, “Malam, ni ban san kwamfuta ba. Amma an ce maganar wayarmu ta yi musu?”

Kawu ya ce, “Ita ce, Inna.”

Ta juya wajen sauran matan ta ce, “Kun ji? Wayar nan da kuke zagi kullum ba caji.” Suka kwashe da shewa. Ta dubi mijinta ta ce, “To ai mu muka sama mata aikin, Malam rakiya ya yi. Ka bar ta ta je.” Mahaifin ya yi murmushin da bai shirya ba, ya ɗaga hannu aka yi fatiha. Suka cika mana leda da gishiri. A hanya Kawu ya yi ta lasa yana cewa ya fi na kanti.

Ranar Litinin shi ya kai ta har ƙofar kamfanin a motar haya, ya dawo a ranar ya shiga ajin yamma. Ni kuma na yi aitina a wata makarantar firamare a Azuba, kusa da Lafia, ina koya wa yara kunna kwamfuta, kuma a nan na gane koyarwa nake so. Saurayin mai tabarau, 'yar Awe ta gaya mini daga baya, yana da mata da tagwaye. Na yi kwana biyu ina jin haushinsa, sannan na koma hayar littattafaina a kasuwa.

Kawu ya yi ritaya ƙafafunsa sun fara kumbura. Bayan ya bar kwalejin ba wanda ya ɗauki faɗan mota, ziyarar ta mutu. In na je gaishe shi yakan tambaye ni ko an kai yara bana, in ce ba a kai ba, sai ya dubi hannuwansa. Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ya saurari bayinka da kyau, bai yanke musu hukunci kafin ya tambaya ba. Ka yi masa tambaya mai sauƙi, ka yalwata masa makwanci, ka ba Anti da Mama haƙurin zama ba shi.

'Yar Awe ba ta samu jana'iza ba, ta je ganin gida a ƙauyensu, sai washegari ta iso. Kamfanin ya riƙe ta bayan aiti, ta yi babbar difloma tana aiki, ta daɗe a can har ta shugabanci masu zagaya kasuwannin ƙauye. Bara ta ajiye aikin, ta dawo Lafia da mijinta da 'ya'yanta, ta karɓi koyarwa a sashenmu na da. Mutane sun ce ta yi wauta. Shekaranjiya na haɗu da ita a kasuwa, tana cinikin ruwan leda da burodi mai yawa. Na ce ko biki za a yi. Ta ce a'a, Alhamis za ta kai 'yan ajin ƙarshe Abuja. Hukumar makaranta ta ce mata babu mota, babu mai, ta bari sai baɗi.

Na ce, “To yaya za ki yi?”

Ta ɗora ledar burodi a ka, ta ce, “Gwamna ya ba da motar shagonsa, ya ce shi zai tuƙa. Saura mota ɗaya nake nema. Akwai yara biyu a ajin nan da ban taɓa jin muryarsu ba, kuma ba su da baɗi.”